Ni Ne Mai Janareta

Ni dai haya aka ɗauke ni, ni da janaretana,
dubu takwas, mai nasu ne.
Na ɗaure shi bayan babur da la'asar sakaliya,
na bi gefen fadamar Auyo,
inda shinkafar bara ta kwana cikin ruwa har ta ruɓe.

Filin firamare. Benci goma sha ɗaya, sauran tabarmi.
An rataya ƙyalle, an rubuta da shuɗi
cewa kuɗin na rufin ɗakin haihuwa ne,
wanda iska ta ɗaye kamar ɓawon rogo.

Su huɗu ne, ba su da ubangida,
ba su zo yi wa kowa kirari ba.
Sallau mai gurmi, tela ne da rana.
Mudi da fiyanonsa mai karyayyen haƙori.
Wani dogo yana kaɗa ƙwarya a bahon ruwa.
Sai Zuwaira, malamar aji uku,
muryarta ba ta fi cikin ludayi ba,
amma ko ɗigo ba ta zubarwa.

Wata bakwai, in ji su, suna bin tsofaffi
ɗaki ɗaki, da waya a hannu:
Iya, da me kike kwantar da naki?
Goma sha biyu suka tara a memori,
ɗari biyar-biyar,
wanda ya ƙara, Allah ya ƙara masa.

Na sha kai wuta gidan biki,
na san yadda ake tayar da mutane tsaye.
Ban taɓa ganin an kafa lasifika
don jama'a su yi tsit ba.

A waƙa ta biyar ya yi tari sau biyu.
Na san tarin nan: ruwa a mai.
Fitilu suka ɗauke.
Na durƙusa da tocila a baki,
ina tsine wa ɗan bumburutu a zuci.

Zuwaira ba ta tsaya ba.
Sai wata murya daga tabarmar baya ta tare ta:
'Yar nan, kin yi sauri,
goyo ba ya son gudu.
Iya Tabawa ce, mai waƙar,
wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen filin nan.
Ta ɗauko daga farko, sannu sannu,
da murya irin ƙwaryar da aka ɗinke sau uku.
Mata suka karɓa, ba tafi,
tafin yana can a bayan goyo.
Sallau ya laluba ya same su a duhu.

Na zubar da ruwan, na goge fulogi, na mayar.
Igiya kawai ta rage in ja.
Ban ja ba.

Akwai wata kwana a tsakiyar waƙar
inda murya ke sauka
kamar mai ɗauke da tulu za ta tsallake kwata.
Ba da kunne na san wurin ba.
Da ƙirji na san shi,
da kumatun da aka taɓa mannawa a bayan wata.
Ina shekara uku Innata ta rasu,
ba hoto, ban riƙe ko tsagar fuskarta ba.
Ashe ta bar mini ajiya a wurin maƙwabta,
shekara talatin da takwas ba wanda ya ce zo ka karɓa.

Da na kunna, sai dariya:
jarirai ido biyu, tarwai,
wakilin dagaci kuwa hula ta zamo kan hanci,
mai shayi ya jingina da buhun sukari yana minshari.

Aka ƙirga a murfin kwano.
Ya isa bandir ɗaya da 'yan ƙusoshi,
katako sai wani jiƙon.
Sallau ya miƙo mini dubu takwas ɗina.
Na karɓa, ina da bakuna shida a gida.
Na dai zare ɗari biyar na sayi memori.

Cikin dare na saka a waya, na nemo ta biyar.
Fes take, ba tari, ba kukan kwaɗi.
Na saurara har ƙarshe.
Gaskiyar tsohuwa ce,
ta yi sauri.